Inda Hular Tavion Ta Kalla

Masu kiran gidan rediyon wasanni da safe sun ce abin da ke kafaɗar Tavion Broussard ba hannu ba ne, igwa ce. Mai askin da rabin 'yan ƙungiyar ke zuwa wurinsa ya ce bai taɓa gama masa aski yana zaune ba, kullum a tsaye ake ƙarasa ƙeyar. Mahaifiyarsa kuwa, can Louisiana, takan gaya wa matan cocinsu cewa tun ranar haihuwa halinsa ya fito, don bai jira wata tara ba, bai kuma jira an isa asibiti ba.

Koci Gunderson, wanda aka damƙa wa horar da masu jifa, shi kaɗai ne ba ya tsawaita magana. Duk ɗan jaridar da ya tare shi da batun yaron, sai ya gyara tsinken da ke bakinsa ya ce, "Da saura."

Wannan "da saura" ɗin ta shiga shekara ta biyu. Ƙungiyar ta zaɓo Tavion gaba da kowa daga cikin 'yan jami'a, don ya zama kwatabak, wato mai jifan da a ƙwallon ƙafar Amurka duk wasa daga hannunsa yake tashi. Aka buga hotonsa a jikin motocin haya na garin. Sannan aka ba shi hular hana sallah da abin sauraro a kunne, aka tsayar da shi a bakin layi. Duk Lahadi yana nan yana kai gwauro yana kai mari, yana taunar robar kare haƙora, yana kallon tsoho Vandermeer, kwatabak ɗin da ke kan aiki, yana jan gwiwoyinsa a fili. A bana ƙungiyar ta sha kashi har an daina ƙirgawa. Jama'a na rera sunan Tavion daga saman benaye, shi kuma ba shi da ikon ko ɗaga kai.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne aikin tsakiyar mako. Shi ne mai jifan rukunin kwaikwayo. Kowane mako sai ya zama mai jifan ƙungiyar da za a kara da ita, don 'yan tsaron gida su saba da salonsa. Wannan makon ya zama bahago, wancan ya zama mai gudu, wani makon ya zama mai nawa. Kafin kowane jifa ƙaramin koci zai ɗaga kwali da aka zana wasan abokan gaba, an yi da'ira a kan wanda za a jefa wa. Inda da'irar take, nan ƙwallo zai je, ko da ɗan tsaro na tsaye a wurin hannu buɗe. Ana kuma sa masa jar riga, alamar cewa ba mai taɓa shi.

"Koci, na zama kowa a ƙasar nan ban da ni kaina," ya ce wa Gunderson ranar Talata, yana biye da shi a farfajiya.

"Haka ne."

"To yaushe?"

"Ranar da ka koyi jefa ƙwallo waje."

"Waje? Wa ake ɗauka aiki don ya jefa ƙwallo cikin 'yan kallo?"

"Wanda ya daɗe a aikin." Gunderson ya tsaya a bakin ofishinsa. "Hannunka na gaya maka ba ƙofar da ba za ka iya zura ƙwallo ba. Gaskiya yake gaya maka, shi ne matsalar. Je ka ci abinci."

A ɗakin cin abinci ya tarar da Lamont Pettway yana dariya shi kaɗai a gaban farantin ƙwai. Lamont mai cafke jifa ne, shekarunsa sun doshi talatin, ya zaga ƙungiyoyi da yawa ba tare da ya yi kakar wasa biyu a wuri ɗaya ba. Shi ma a rukunin kwaikwayo yake, cikin 'yan jiran tsammani da ake atisaye da su amma ba a sa musu riga ranar wasa. Shi ya raɗa wa Tavion suna Yarima.

"Yarima, zo ka zauna ka ga mutumin da zai sa riga ranar Lahadi."

"Kai? Wa ya mutu?"

"Allah ya shirye ka. Ƙafar ɗaya daga cikin manyan ce ta gurɗe. Yanzun nan aka gaya mini. Na kira tsohona a Alabama, har ya fara neman wanda zai duba masa tayoyin mota."

"Zai tuƙo tun daga can?"

"Jirgi? Ai ya ce abin da ba shi da birki ba da shi ba."

Tavion ya buga masa kafaɗa, ya yi murna da gaske. Amma kafin ya kai cokali baki murnar ta tsinke. Har Lamont zai shiga fili. Ƙafar Tavion ta hau rawa a ƙarƙashin teburi, kofuna na ƙara.

"Yarima, ka bar girgiza mana gari," in ji Malakai Fifita daga teburin baya. Fifita shi ne ƙaton da ke tsakiyar katangar gaba, mai miƙo wa kwatabak ƙwallo ta tsakanin ƙafafu. Ba shi da muƙami, amma in ya yi shiru ɗakin kan yi shiru. "In fitsari kake ji, ƙofa ta biyu a hagu."

Ranar Laraba aka tashi da iska mai sanyi daga tafki, don haka a rufaffen fili aka yi atisaye. Tun ana ɗaura takalma labari ya zaga: mai ƙungiyar da kansa ya zo, yana saman baranda tare da babban koci, kuma maganar ajiye Vandermeer ake yi. Tavion ya ɗaga ido sau ɗaya ya ga inuwarsu a bayan gilashi. Daga nan bai ƙara jin ƙafafunsa a ƙasa ba.

Kwalin farko, da'ira a kan gajeren jifa na hagu. Ya jefa, ɗan tsaro ya cafke. Haka aka so. Na biyu ma haka. 'Yan tsaro na ihu suna tafawa, ɗaya ya kawo masa ƙwallon har hannu ya ce, "Mun gode, ranka ya daɗe, a ƙaro mana."

Da aka ɗaga kwali na gaba, ga da'irar nan dai a hagu. Aikin Lamont a wannan zane shi ne ya ratsa tsakiyar fili da gudu don ya ja hankalin masu tsaron baya. Ba a nufin ƙwallo ya je masa.

"Sai in yi ta miƙa wa mutane ƙwallo a gaban manya?" Tavion ya faɗa ciki-ciki.

"Bi kwali, Yarima," in ji Lamont. "Lahadi ta kusa, kada ka gajiyar da ni."

Ƙwallo ya shigo hannun Tavion. Ya ja baya. Hagu a toshe kamar yadda aka tsara. A tsakiya Lamont ya wuce mutum ɗaya, wata 'yar kafa ta buɗe a bayansa, kafar da ba ta fi faɗin taga ba. Daga dama kuma mai tsaron baya, wani sabon yaro da shi ma ke neman wurin zama, ya taho kamar an harbo shi. Hannun Tavion ya ce zai iya.

Jifan ya yi kyau, sai dai ya yi sama da taƙi guda. Lamont ya yi abin da aka koya masa tun yana ƙarami: ya tashi sama, ya miƙa hannu biyu, ya bar ƙirjinsa a buɗe. Ƙarar karonsa da mai tsaron bayan ta cika rufin. Ƙwallon na hannunsa har ya faɗi.

Ba wanda ya yi ihu. Masu jinya suka ruga. Tavion na tsaye a inda yake cikin jar rigarsa, ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Ya daki ƙirjinsa sau biyu da tafin hannu, alamar da masu jifa ke yi daga nesa in jifa ya ɓaci. Lamont na kwance yana kallon rufi, bai gani ba.

"Ban gan shi ba," Tavion ya ce wa wanda ke kusa da shi. Ya juya ya ce wa Fifita, "Wallahi ban ga yaron yana zuwa ba." Ya faɗa wa ƙaramin koci, ya faɗa wa mai raba ruwa. Kafin a tashi ya faɗa har shi kansa ya fara yarda.

Ƙashin kafaɗa ne ya karye. Kakar wasan Lamont ta ƙare.

Da safiyar Alhamis, kamar kullum, aka taru a ɗakin bidiyo don kallon atisayen jiya. Gunderson ke riƙe da abin dannawa. Da aka zo wurin, ya sa hoton da aka ɗauka daga bayan fili, ya bar shi ya wuce. Ya mayar. Ya sake mayarwa, a hankali wannan karon, ya tsayar daidai lokacin da hannun Tavion bai riga ya tashi ba.

Hular kwanon ƙungiyar na da farin layi daga goshi zuwa ƙeya. Ba a ganin idon ɗan wasa a bidiyo, don haka layin nan ake bi a san inda yake kallo. Duk wanda ke ɗakin ya iya karanta shi tun yana makarantar sakandare. Layin hular Tavion ya bar hagu, ya je kan Lamont, ya karkata dama ya tsaya cak a kan mai tsaron baya. Sannan ya dawo tsakiya.

Kujeru suka yi ƙara. Wani ya yi tsaki a baya. Tavion ya buɗe baki ya ce, "Shi ma ai bai kamata ya shigo da ƙarfi haka a atisaye ba."

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari," in ji Gunderson. "Na ji. Wasa na gaba."

Bayan an watse Gunderson ya ce masa ya tsaya. Tavion ya shirya jin faɗa, har ya tanadi amsoshi.

"Kai za ka fara ranar Lahadi."

"Na'am?"

"Mai ƙungiya ya ga jifan jiya. Ya ce bai taɓa ganin ƙwallo ya ratsa irin wannan kafa ba." Gunderson ya cire tsinken bakinsa ya duba shi. "An tambaye ni, na ce a'a. An fi ƙarfina. Ina gaya maka ne don kada ka ji a bakin wani."

"Koci, ba zan ba ka kunya ba."

"Ni ba na shiga fili. Waɗanda za su shiga da kai suna ƙasa."

Tavion ya sauko bene yana tsallake matakala. A bayan ƙofa ya kira mahaifiyarsa, ta yi ihu har ya janye wayar daga kunne. Ta ce za ta zo da rabin cocin, za ta taho masa da miyar gumbo a cikin kula ko da 'yan filin jirgi za su kama ta.

"Yaron nan da aka ce ya ji ciwo fa? Ba shi ne mai ce maka Yarima ba?"

"Shi ne, Mama."

"Ka je ka gan shi?"

"Na tura masa saƙo."

"Me ka ce?"

Hoton tafukan hannu biyu a haɗe ya tura, ba kalma ko ɗaya. Ya ce mata ana kiransa, ya kashe.

Atisayen ranar shi ne na farko da ya yi da manyan 'yan wasa. Ya daɗe yana mafarkinsa. Ya shiga da'irar da ake taruwa kafin wasa, ya faɗi tsarin da murya mai ƙarfi, ya tafa. Tafin da ya dawo masa kamar na mutanen da aka tasa daga barci. Fifita, wanda ba ya sunkuyawa kan ƙwallo sai ya zolayi wani, ya miƙo masa ba uffan. Jifa na gefe duk an cafke. Amma da ya aika na farko tsakiyar fili, mai cafkar ya rage gudu, ya leƙa dama, ya miƙa hannu rabi da rabi. Ƙwallon ya wuce ta kan yatsunsa. Na biyu ma haka, da wani mutum dabam.

"Miƙa hannu mana!" Tavion ya daka tsawa. "Ƙwallon na wurin!"

Mutumin ya dawo yana tafiya a hankali, ya zare robar bakinsa. "Ina da 'ya'ya biyu, Yarima. Kai kana da jar riga."

Al'ada ce duk Alhamis da yamma mai jifa ya ci abinci da ƙattin da ke kare shi. Vandermeer kan kai su wani gidan gasa fukafukin kaji a bayan tashar jirgin ƙasa. Tavion ya tsaya a gaban Fifita yana wasa da makullin mota.

"Yau ni ne da ku ko? Duk inda kuke so."

"Matata ta yi girki."

"Sauran fa?"

"Ta yi da yawa."

Tavion ya shiga mota ya rasa inda zai nufa. Ya bi titin bakin tafki har ƙarshe ya juyo. Ya kunna rediyo ya ji ana ta kiran sunansa, wani na cewa an daɗe ana zaluntar yaron, ya kashe. Ya bi ta gaban masaukin da 'yan jiran tsammani ke haya, ya ga motar Lamont a ajiye, ya rage gudu, na baya ya danna masa oda, ya wuce. A gida ya buɗe littafin wasanni ya rufe, ya yi wanka, ya sake buɗewa. Abin da ya yi shekara biyu yana nema yana hannunsa, ga shi ba ya riƙuwa. Ƙungiyar da za su kara da ita ta fi kowa iya toshe gefe. Duk wanda ba zai iya jefawa tsakiya ba ranar Lahadi, gara ya zauna a gida.

Juma'a ba ta canja zane ba. Ya gwada wasa da dariya, ba wanda ya taya. Ya gwada yabo, ana cafke ƙwallo ya ruga ya buga wa mutum hula, mutumin ya kauce. Gunderson na gefe hannu a aljihu. Tavion ya je ya tsaya kusa da shi yana haki.

"Koci, ka yi musu magana mana."

"In ce me?"

"Ka ce aikinsu ne."

"Sun sani. Za su yi gudu, za su tare, ba wanda zai ce sun ƙi. Abin da ya rage taƙi guda ne na hannu, shi kuma ba a ba da umarninsa."

"To ni ya zan yi?"

"Ka san abin da ke cikin bidiyon nan. Su ma sun sani."

Asabar da safe atisaye mara nauyi ake yi, da gajeren wando, a taka wasannin gobe a hankali. An gama an dawo ɗakin canja kaya, kiɗa na tashi, wasu na buga kati a kan akwatin tawul, sai ƙofa ta buɗe. Lamont ne, hannun dama rataye a wuya, na hagu riƙe da baƙar ledar shara. Kowa ya san ma'anar ledar nan. Ƙungiya ta sallame shi, ya zo kwashe kayansa. A bayansa mahaifinsa ne, wani dattijo siriri da hular fata, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ɗakin da ya yi tafiyar yini guda don ganin ɗansa ya fito daga cikinsa.

Aka rage kiɗa. Ɗaya bayan ɗaya suka je suna rungumar Lamont ta gefen da ba ciwo.

"Ku bi a hankali, 'yan banza," yake cewa. "Ɗayar ma so kuke ku karya? Malakai, kai dai tsaya daga nan, ka ɗaga mini hannu ya isa."

Ya isa wurin ajiyarsa ya fara fama da ledar. Da hannu ɗaya ba ta buɗuwa, in ya saka takalmi sai bakin ya rufe. Tavion ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Tsakaninsu bai fi tsawon benci biyu ba. Ya je ya kama bakin ledar ya buɗe.

Lamont ya dube shi. "A'a, Yarima da kansa. Na ji an naɗa ka."

"Haka aka ce."

"To Allah ya sa albarka." Ya jefa safar hannu a ciki.

"Yaya kafaɗar?"

"Tana gaishe ka."

"Likitoci sun ce zuwa bazara..."

"Sun ce."

"Na san wani mai gashin ƙashi a Houston, shi ya yi wa..."

"Riƙe ledar da kyau."

Ya riƙe. Takalma, man shafawa, hoton wata yarinya da haƙoran gaba biyu a cire. Ba mai kallonsu kai tsaye, amma an daina buga katin. Lamont ya ɗauko rigar da aka riga aka ɗinka wa sunansa don gobe, ya juya ta, ya rasa yadda zai ninke da hannu ɗaya. Dattijon ya tako ya karɓa, ya ninke ta a kan ƙirjinsa a tsanake, ya riƙe abarsa bai sa a leda ba.

"Kai ne mai jifan?" ya tambayi Tavion.

"Ni ne, Baba."

"An ce ba ka ga yaron yana zuwa ba. Na ce wa Lamont kada ya riƙe ka a zuci. Wasa ne, ido ba ya ganin komai."

Lamont ya sunkuyar da kai yana neman wani abu a ƙasan akwatin da ba komai a ciki. Fifita ya miƙa hannu ya kashe kiɗan gaba ɗaya.

Tavion ya buɗe baki. Maganar ta fito ƙasa-ƙasa, ko shi bai ji ta sosai ba.

"Ɗaga murya, ɗana, kunnen nan ya tsufa," in ji dattijon.

Tavion ya saki ledar. Ya juya ya fuskanci Lamont, ya yi magana da muryar da yake kiran wasa da ita a fili, wadda ake ji har ƙarshen ɗaki.

"Na gan shi, Baba. Lamont, na gan shi yana zuwa. An ce in jefa hagu, na ƙi, don ina so na saman baranda su ga hannuna. Na san za ka tashi ka miƙa hannu, don ba ka taɓa ƙi ba. Ni na karya maka kafaɗa, kuma na yi ƙarya a kai. Ka yafe mini."